Gawo Ya Tsufa, Ina 'Ya'yansa?

A ƙarshen ranin da ya wuce na je gida, wani ƙauye a ƙasar Ringim, na zagaya gonar gandunmu da yamma ina ƙirga itatuwan da ke cikinta. Gawo shida, kuka biyu, ɗorawa ɗaya, tsamiya ɗaya a kan iyaka, sai wata kanya da rabinta ya bushe. Duk wanda ya wuce a mota zai ce ga gona mai itatuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikinsu babu ko ɗaya da na girme wa. Duk na tashi na tarar da su, Baffana kuma, da ya haura saba'in, ya ce shi ma yawancinsu haka ya buɗe ido ya gan su. Na nemi ɗan gawo mai tsawon mutum, ko kuka mai kaurin taɓarya, har na tsallaka gonakin maƙwabta uku ban samu ba.

Makiyayin da ya duba garkensa ya ga shanu duk sun manyanta, babu maraƙi ko ɗaya, ya san garken ya kama hanyar ƙarewa, ko da kuwa yau ƙwaryarsa cike take da nono. Halin da itatuwan gonakinmu suke ciki ke nan a yawancin karkarar Kano da Jigawa. Muna shan inuwar abin da kakanni suka bari, ba mu bar komai a bayansa ba.

Ba wai ba a dashe ba. Kowace damina ana bikin dasa itatuwa, ana raba dubban dashe a cikin baƙar leda. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa da za ta ratsa yankin Sahel, Najeriya ta kafa wa shirin hukuma a 2015, Kano da Jigawa kuma suna cikin jihohi 11 da yake aiki a cikinsu. Sai dai in ka leƙa cikin ledojin, abin da ka fi gani darbejiya ce da itacen turare, sai mangwaro. Darbejiya daga ƙasashen Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa, turare ɗan Ostiraliya ne, mangwaro da zogale su ma asalinsu Indiya. Ba na raina su. Darbejiya ta yi mana rana: akuya ba ta cika damunta ba, tana jure fari, tana saurin yin inuwa, kuma da babu ita da kasuwannin ƙauye da yawa a tsakar rana ake cin su. Dalilin da ya sa masu renon dashe suke son ta ke nan, ba ta ba su kunya.

Amma inuwa ɗaya ce daga cikin ayyukan itace. Tsaya a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakiyar gona ka dubi geron da ke kewaye da ita, za ka gan shi siriri, ya yi rawaya. Turare ya fi ta ƙishirwa, dabba ba ta cin ganyensa, ganyen kuma in ya zuba yana daɗewa bai ruɓe ba. A Yambawa, wajen Dambatta, an dasa layukan turare domin tare iska da rairayi, sun kuma tare. Masu binciken da suka auna gonakin da ke tsakanin layukan sun tarar saiwoyinsa suna shiga gona suna ƙwace wa gero ruwa, sai an haƙa an datse su kafin geron da ke kusa ya yi abin kirki. Manomin da aka ce ya rungumi irin wannan itace a cikin gonarsa, in ya ƙi, ba jahilci ba ne. Lissafi ya yi.

Gawo kuwa halinsa daban ne da na kusan kowane itace da muka sani. Da damina ta kankama sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, kamar ya mutu. Da ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kaɗe nasu, sai shi ya yi kore shar. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa: saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan da ke can ƙasa, wanda gero da dawa ba sa kai wa, shi yake sha da rani. Dubi abin da wannan ya haifar wa manomi. A lokacin da shuka take buƙatar rana, gawo ba ya tare ta. Ganyen da ya zubar ya sauka daidai lokacin shuka, ya ruɓe a gindin gero. Dangin wake ne, saiwarsa tana tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke biya da tsada a buhun yuriya. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, 'ya'yansa suna zuba, shanu da tumaki su taru a inuwarsa suna ci suna kashi, takin ya zauna a gonar. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili, abin da kowane tsohon manomi ya sani tun kafin masu bincike su zo da ma'auni su tabbatar.

Wanda aka fi zalunta ma ba gawo ba ne, sabara ce da kalgo. Su ne muke sarewa kowace shekara a lokacin sharar gona, mu tara, mu cinna wuta, mu ce gona ta yi tsaf. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa da dare saiwar sabara tana ɗauko ruwa daga ƙasa mai zurfi ta sake shi a ƙasar sama, geron da ke kusa da ita kuma yana shan ruwan nan. A shekarar da ruwa ya yi tsaiko na mako biyu ko uku a tsakiyar damina, wannan ɗan abin yana iya raba mai girbi da wanda ya tashi a tutar babu. Ban da haka, duk inda sabara take, nan iskar hunturu take ajiye ƙurar da ta kwaso, shi ya sa gindinta yake yin tudu. Shawarar masu binciken ba ta da wuya: a sare ta a farkon damina kamar yadda aka saba, amma a daddatsa ganyen da ƙananan rassan a baza a gona maimakon a ƙone, a bar kututturen ya sake toho.

To, in amfanin ya kai haka, me ya hana 'ya'yan gawo tashi?

Suna tsirowa. Ƙwayar gawo tana da tauri, sai ta bi ta cikin tumbin dabba sannan take saurin fashewa, shi ya sa bayan ruwan farko za ka ga ƙananansu a inda aka zuba takin awaki. Abin da ke kashe su da farko noma ne. A da, mai fartanya yana ganin ɗan itace a gabansa, ya kauce masa. Garmar shanu ba ta da wannan ido, balle tarakta, kuma yaron da aka ɗauka ƙwadago burinsa ya gama kunya. Wanda ya tsira daga garma, yana jiran sakin dabbobi bayan kaka, lokacin da duk wani abu kore da bai fi ƙarfin bakin akuya ba ya zama abinci. Wanda ya tsira daga wannan ya kai kaurin hannu, mai neman itacen girki yana tafe. Da can akwai saura, gonar da ake bari ta huta shekaru, a nan itatuwa suke samun sararin wuce waɗannan haɗurra. Yanzu gona ba ta hutu.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a wajen taro ba, shi ne na mallaka. Gonaki da yawa yanzu na aro ne, ko haya, ko jingina. Mai haya ba zai wahala a kan ɗorawar da sai ta shekara goma ko kusa da haka kafin ta yi 'ya'yan kirki ba, mai gona kuma ba ya son wani ya dasa itace a gonarsa, don kada gobe 'ya'yan wancan su ce ubansu yana da haƙƙi a wurin. Wasu manoman kuma suna tsoron in suka bar itace ya girma, ranar da suka buƙaci reshe sai sun nemi izinin ma'aikatan gandun daji, ko a ci su tara. Mutum ba ya renon abin da bai tabbata nasa ba ne.

Ana yawan cewa yawan jama'a ne ya cinye itatuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi cunkushewa. Abin da shi da abokan aikinsa suka gani shi ne, a nan ne manoma suka fi riƙe itatuwan gona da kyau, domin kowane itace yana da mai shi, ana sassabe reshe ba a kayar da uwa. Dajin da ba na kowa ba shi ne ya fi shan gatari.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna inda hanyar take. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasarsu ta fi tamu zama fako, an yi ta dasa baƙin itatuwa suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin aikin gona, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gonaki kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Sai aka fara jan hankalin manoma: a kowane kututture a zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi, a sare sauran, a rage musu rassan ƙasa, a bar su su miƙe. A can suna kiran abin sassaben zamani. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa ba ya buƙatar ban ruwa, yana kuma girma da saurin da dashen leda ba zai taɓa yi ba. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Ƙiyasin da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Daga Maigatari ko Ɓaɓura, tsallaka iyaka kawai mutum zai yi ya gani da idonsa. Harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya, geronmu ɗaya.

A ganina, a gona wannan ne ya kamata ya zo farko, dashe ya biyo baya, a wuraren da saiwar ta riga ta mutu. In kuma za a dasa, a dubi wuri. Ruwan da Doguwa da Tudun Wada suke samu, a gefen dajin Falgore, ya kusa ninka na Maigatari. Kaɗanya da ɗorawa da ɗinya da maɗaci da taura sun fi jin daɗin kudu. Arewa mai rairayi ta gawo ce da aduwa da magarya da kurna da dakwara, wadda ƙaronta har ƙasashen waje ake kai shi. Bagaruwa, mai inuwar nan ga sanyi ga ƙaya, tana son ƙasa mai laka da bakin fadama, majema kuma har gobe da 'ya'yanta suke jima. Ƙwayoyi masu tauri irin na gawo da bagaruwa da kuka, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansu kafin a shuka. Ta kaɗanya akasin haka ce, in ta daɗe a ajiye ta mutu, da ɗanyenta ake binne ta. Gawo kuma ba ya son daɗewa a leda, saiwarsa tana nannaɗewa, ya tashi a gurgunce.

Cikin gida da lambu nasu tsarin daban ne, kuma a nan mata ne suka fi mu sanin abin da ake buƙata. Mutane da yawa ba sa son kuka ko tsamiya a tsakar gida, wasu saboda girma, wasu saboda tsohon zancen nan na iskoki, wanda, a faɗi gaskiya, shi ne ya tsare wasu manyan itatuwan daga gatari har suka kawo yau. Amma kuka ba dole sai ta zama uwa ba. A Mali ana shuka ta a fangali kamar alayyafo, kusa da kusa, a yi mata ban ruwa, cikin 'yan watanni a fara tsinkar ganye, ana datse kanta don kada ta yi tsawo. Matar da take da ɗan fili a bayan ɗaki tana iya samun ɗanyen ganyen kuka har da rani, ba sai yaro ya hau ƙatuwar kuka ya yi mata aski ba, askin da ke hana ta fure da 'ya'ya. Magarya ana iya yi mata aure da irin mai manyan 'ya'ya, saiwa tamu mai jure fari, 'ya'ya masu kuɗi a kasuwa. Yaɗiya tana bin danga ba ta neman komai, tafasa da gasaya da lalo kuwa a bar musu gefe kawai. A ƙofar gida ko filin makaranta, ceɗiya da durumi reshe ake sarewa a kafa da damina ya kama. A iyakar lambu a sa gamba: tana riƙe ƙasa, a yi zana da ita, dabba ta ci.

Makarantar allo kaɗai ta isa misalin yadda rayuwarmu ta saƙu da waɗannan tsirrai. Allon na aduwa ne, tawadar da ƙaro ake haɗa ta, alƙalamin na kara ne ko na gamba. Ranar da mutum ya koma ga Ubangijinsa, da ganyen magarya ake yi masa wanka.

Ba mu kaɗai ne muke rayuwa da su ba, kuma wannan ɓangaren ne aka fi mantawa. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ne yake ɗaukar ƙurarsa daga wannan fure zuwa wancan, haka ma tuntun ɗorawa. Wanda ya kori jemagu daga gari ya rage wa kansa kalwa, daddawa ta yi tsada bai san dalili ba. Gawo yana fure bayan damina, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, masu ɗora amya sun san darajarsa. Ɓaure da gamji da ceɗiya suna ciyar da tsuntsaye iri-iri, su kuma su kai ƙwayar wani wuri. Cilakowa sai a kogon tsohon itace take ƙwai, ta shige a liƙe ƙofar, namijin yana miƙa mata abinci ta ɗan tsagi. Sabon layin turare ba shi da kogon da zai ba ta. Shamuwa, da muke murnar ganinta don ta zo da albishirin damina, a kan manyan itatuwan gari take sheƙa, abincinta kuma fara ce da ƙwari. Hadisi ingantacce ya zo da cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Tsuntsu yana cikin lissafin.

Na san abin da manomin gero zai ce: itace matattarar jan baki ce, tsuntsayen nan masu cinye hatsi. Kukan nasa na gaskiya ne, wanda ya taɓa kwana yana kora ba zai raina shi ba. Amma a yankin Haɗeja, babbar mafakar jan baki a yau kachalla ce, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ita kuma labarinta na ruwa ne. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yana cika ya malala da damina, ya janye da rani, fadama ta bushe. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, wuraren da ba sa bushewa suka zama gidan kachalla, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, wasu wuraren kuma ruwan ya daina kai musu. Dausayin Baturiya da ke Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka da hunturu, da wannan hawa da saukar ruwan yake rayuwa, shi da bagaruwarsa da goribarsa. A irin wannan wuri, ko dashe miliyan aka kai, in ba a gyara yadda ake sakin ruwa ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Goriba ma tana da irin ciwon gawo, ta wata fuskar. Kabar da ake yanka ana saƙa tabarma da igiya da faifai, ita ce 'yar goriba. Muddin ana yanke ta kowace shekara, ba za ta taɓa miƙewa ba. Filin kaba da ka gani shimfiɗe, kurmin goriba ne da aka hana shi tashi. Ba a ce masu saƙa su daina ba, da ita suke ci. A kowane rukuni a bar kai ɗaya ko biyu kada a taɓa, sauran a ci gaba da yanka.

Da na gama zagayen nan na koma na sami Baffa a gindin tsamiya na faɗa masa abin da na ƙirga. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, ai suna nan, ku ne ba ku duba ƙasa." Washegari da sassafe ya ɗauki sandarsa muka fita, yana nuna mini da bakinta. Ga tohon gawo a inda aka kayar da wani tun ina firamare. Ga aduwa, ga magarya har uku, ga kalgo da ake sarewa duk shekara yana dawowa. Muka zaɓi goma sha huɗu, muka rage musu rassa, muka ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don mai garma ya gani, ƙananan muka kewaye su da ƙaya. Ya kira yaron da ke masa huɗa ya ja masa kunne a gabana. Da damina ƙanena ya aiko mini cewa garma ta taka biyu. Sauran goma sha biyun suna nan, gawo ɗaya har ya kai ƙirjinsa, kuma kafin a saki dabbobi bana za mu ƙara musu ƙaya.